Ƙumar Maciji: Ƙwaron da Bai Kai Ƙwayar Gero Ba, Amma Yana Kayar da Mesa

Da za a ce wa ɗaliban aji guda su lissafa abubuwan da ke iya kashe mesa, amsoshin da za a ji ba za su wuce mafarauci, gobarar daji, mota ko kada ba. Da wuya a samu mai ambaton wani ɗan ƙwaro da bai kai ƙwayar gero girma ba. Amma a wurin masu kula da macizai a gidajen zoo da masu kiwon su a gida, wannan ƙwaron yana cikin manyan abubuwan fargaba. Shiga yake ƙarƙashin ɓawon fatar maciji ya yi ta tsotsar jini. Idan ya yi yawa sai macijin ya rame, ya daina cin abinci, daga ƙarshe ya mutu. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Wani zai ce, ina ruwan ɗalibin sakandare a Sharada da ciwon maciji, tunda ba kiwon sa yake yi ba? Ai kuwa da ruwansa. Wannan ƙwaro yana da ɗan'uwa da ke zaune a akurkin kaji da ɗakin tattabarun da yawancinmu muka taso muna kiwo. Halinsu ɗaya, kuma kuskuren da ake yi wajen maganin su ma ɗaya ne: a wanke dabba tas, sannan a mayar da ita cikin ɗakin da ƙwaron ya riga ya cika da ƙwai. Wanda ya gane yadda ake ceton maciji daga wannan annoba ya gane yadda zai ceci 'yan shilarsa, kuma ya samu ƙarin haske a kan wani darasin Bayoloji da ke yawan fitowa a jarrabawar WAEC da NECO.

Su wa ke ajiye maciji?

Daga Sharada zuwa Gidan Zoo na Audu Bako tafiyar 'yan mintuna ce a Adaidaita Sahu. An kafa gidan a farkon shekarun 1970, zamanin mulkin Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A nan ne yawancin yaran Kano suka fara ganin mesa ido da ido ba tare da sun ruga da gudu ba. Sai kuma gardawa, masu yawo kasuwa-kasuwa da macizai a akwati ko a buhu. A 2005 wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi wata tawagar gardawan kura a Najeriya, ya ɗauke su da kurayensu da birai da mesa, hotunan suka zaga duniya.

A Turai da Amurka kuwa, maciji ya zama dabbar gida kamar yadda muke ajiye kyanwa. Wanda aka fi kiwo a can asalinsa ɗan yankinmu ne: wata ƙaramar mesa da masana ke kira Python regius, wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata. Ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma takan yi shekara 20 zuwa 30 idan ta samu kulawa. Ƙasashen Togo, Benin da Ghana na fitar da dubban irinta zuwa ƙetare kowace shekara.

Kafin mu ci gaba, ga gargaɗi. Wannan rubutu ba kira ne ga kowa ya shiga kango ko magudanar ruwa neman macijin kiwo ba. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 ta sa mesa cikin jerin waɗanda aka kare a Najeriya. Ban da haka, ɗalibi ba shi da ƙwarewar bambance maciji mai dafi da marar dafi. Kububuwa, wadda ba ta kai kamu biyu ba, ita ce kan gaba wajen kashe manoma da makiyaya a arewacin ƙasar nan, kuma saboda ita aka san asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya duk shekara. Kasa, gamsheƙa da kumurci ma ba abokan wasa ba ne.

Ƙuma ce ko kaska?

A Hausa mukan kira ƙananan ƙwarin da ke addabar kaji da sunan ƙuma, don haka bari mu kira na maciji ƙumar maciji. Sunanta a kimiyyance Ophionyssus natricis, kuma wani masani ɗan Faransa, Paul Gervais, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1844.

Sai dai mai shirin jarrabawa ya lura da wani abu. Ƙumar da ke tsalle a jikin kare ko kyanwa ƙafa 6 gare ta, tana rukuni ɗaya da ƙuda, sauro da ƙwarƙwata, wato Insecta. Ƙumar maciji kuwa idan ta girma ƙafa 8 gare ta, ba ta da fiffike, ba ta tsalle. Danginta su ne kaska, gizo-gizo, kunama da ƙwaron da ke kawo ƙazuwa, wato Arachnida. Idan aka tambaye ka bambancin rukunonin biyu, fara da ƙirga ƙafafu.

Girmanta bai cika wuce milimita 1 ba, kwatankwacin ɗigon da bironka ke yi a takarda. Kafin ta sha jini tana da haske-haske, idan ta ƙoshi sai ta koma baƙa ko ja mai duhu. Ɓarnarta iri uku ce. Ta farko, tsotsar jini, wadda ke jawo ƙarancin jini, musamman ga ƙananan macizai. Ta biyu, raunin cizo, wanda ke lalata fata ya hana maciji yin saɓa yadda ya kamata. Ta uku, ɗaukar cuta daga wannan maciji zuwa wancan. Tun a 1948 wani masani ɗan Amurka, Joseph Camin, ya nuna cewa tana yaɗa wata ƙwayar bakteriya da ke gurɓata jinin maciji. Takan ciji mutum ma ta bar masa ƙuraje masu ƙaiƙayi, amma ba ta iya zama a jikinsa.

Mako biyu daga ƙwai zuwa uwa

A nan sirrin yake. Rayuwar ƙumar maciji mataki 5 ce: ƙwai, jaririya mai ƙafa 6, matashiya ta farko, matashiya ta biyu, sai babba. A cikin biyar ɗin nan, matashiya ta farko da babba ne kaɗai ke shan jini. Sauran ukun ba su da wata buƙata a jikin maciji. Suna can cikin tsagar katako, ƙarƙashin kwanon ruwa, cikin shimfiɗa da bakin murfin keji.

Idan uwa ta ƙoshi da jini sai ta sauka daga jikin maciji, ta nemi lungu mai duhu da danshi, galibi ta hau sama-sama, ta zuba ƙwai kimanin 20 a lokaci guda. A tsawon rayuwarta takan yi ƙwai 60 zuwa 80. Ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kwana 1 zuwa 4, gwargwadon ɗumin wurin, kuma cikin kimanin mako biyu wadda aka ƙyanƙyashe ta isa yin nata ƙwan. Matashiyar da ba ta samu jini ba tana iya jira har kusan wata guda, babba kuma takan rayu har kwana 40.

Ɗauki biro mu yi ɗan lissafi. A ce uwa ɗaya ta yi ƙwai 60, rabi mata. Bayan mako biyu akwai uwaye 30. Kowacce ta ba da mata 30, sun zama 900. A zagaye na uku sun kai 27,000. Lissafin takarda ne, domin a zahiri da yawa kan mutu a hanya, amma ya isa ya nuna dalilin da mai kiwo zai ga ɗigo biyu-uku yau, bayan wata ɗaya da rabi ya tarar da keji ya baƙanta.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa cutar ta fi zama ta macijin keji. Na daji yana yin saɓa ya bar tsohuwar fata da ƙwarin da ke manne da ita, ya yi gaba abinsa. Na keji kuwa yana saɓa a inda yake kwana, ƙwarin su sauka daga tsohuwar fata su hau sabuwa.

Yadda ake gane ta

Maciji ba ya kuka kuma ba shi da hannun sosawa, saboda haka ido ne zai yi aiki. Alamar farko da masu kiwo ke lura da ita ita ce yawan kwanciya a kwanon ruwa. Macijin da ya wuni ya kwana cikin ruwa, alhali ba zafi ake ba kuma ba saɓa zai yi ba, yana neman sauƙin cizo ne. Idan aka duba ƙasan kwanon za a ga baƙaƙen ɗigo kamar garin masoro. Waɗanda suka nutse ke nan.

A jikinsa, wuraren da suka fi taruwa su ne kewayen ido, tsagar da ke ƙarƙashin haɓa, gefen dubura, da ƙananan ramukan da ke leɓen mesa, waɗanda take jin ɗumin abin farauta da su. Za a kuma ga wata farar ƙura-ƙura a bayansa, musamman idan baƙi ne. Kashin ƙwaron ne. Sauran alamu sun haɗa da goga kai a bangon keji, ƙin abinci, saurin fushi, da saɓar da ke fita gutsi-gutsi maimakon ta zare gaba ɗaya kamar safa. Maciji ba shi da fatar ido mai kiftawa, wata fata ce mai kama da gilashi ta rufe idon, kuma tana fita tare da saɓa. Idan ƙuma ta lalata gefenta sai ta maƙale, ta taru, ta dushe masa gani.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a jiƙa farin ƙyalle ko farar takarda mai laushi a shafa daga wuya zuwa jela. Idan an ga ɗigo masu motsi, ko jan tabo bayan an murje su, magana ta ƙare.

Aiki na farko: jikin macijin

Abin da za a faɗa a nan na maciji marar dafi ne da ke hannun mai izinin riƙe shi. Mai dafi aikin ƙwararru ne masu kayan aiki.

Ana fitar da macijin a sa shi cikin roba mai murfi da aka huda wa ƙofofin iska, a zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi, wanda idan ka tsoma gwiwar hannu ba za ka ji zafi ko sanyi ba. Zurfin kada ya wuce kaurin jikinsa, don ya iya ɗaga kai ba tare da wahala ba. Ana barin sa kimanin minti 30, mutum na tsaye a kansa. Ƙumar ba ta iya ninƙaya, da yawa za su nutse, sauran su gudo kan macijin inda ruwa bai kai ba. Sai a bi su da jiƙaƙƙiyar audugar goge kunne, a share kewayen ido da haɓa a hankali.

Wanka na rage yawa ne kawai, ba ya ƙarar da su. Ragowar aikin na magani ne, kuma a nan dole likitan dabbobi ya shigo. Likitoci kan yi amfani da ibamektin, wanda makiyaya suka fi sani da Ivomec, ko fifronil, ko wasu sababbin magunguna da asali aka yi don kaskar karnuka. Kowanne ana auna shi ne da nauyin dabbar, kuma ɗan ƙari kaɗan na iya sa maciji karkarwa ko ya mutu. Misalin da ya kamata kowa ya riƙe: ibamektin da ke warkar da tunkiya yana kashe kunkuru. Gidaje da yawa a Kano suna da kunkuru a tsakar gida, don haka kada wanda ya ce ragowar maganin ragon Sallah zai yi masa amfani. A cikin birni akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a Gwale da Kundila inda za a nemi shawara.

Shafa wa maciji kananzir, baƙin mai ko manja ba magani ba ne. Kananzir da baƙin mai guba ne da ke ratsa fata, mai kuma yana sa ɓawon fata ya yi ta zubewa.

Babban aiki: gidan macijin

Tunda uku daga cikin matakai biyar na ƙwaron suna cikin keji, a can ne yaƙin yake. Ga yadda masu kiwo ke bi.

Da farko a kwashe duk shimfiɗa, ko garin katako ne, ko yashi, ko busasshen ganye, a ƙulle a leda a fitar daga gida nan take. Kada a zuba ta a kwandon sharar ɗaki, domin ƙumar na iya yin tafiyar mitoci da dama cikin sa'a guda ta dawo. Duk wani reshe, ɓawon itace ko kwali da ke cikin kejin a ƙone shi ko a zubar, tunda ba a iya kaiwa ga ƙwan da ke cikin ƙofofinsa.

Na biyu, a wanke kejin da ruwan zafi da sabulu, a bi kusurwoyi, bakin murfi, ramin ƙusa da mahaɗar gilashi da tsohon buroshin haƙori. Zafin da ya haura digiri 50 a ma'aunin Salshiyos yana kashe ƙumar da ƙwanta, saboda haka ruwan ya zama mai zafi sosai, a sa safar hannu, a kuma yi hattara da gilashi don kada ya tsage.

Na uku, a shafe ko'ina da ruwan bilic, irin Hypo ko Jik, kimanin cokalin cin abinci 2 a lita 1 ta ruwa. A bar shi minti 10 zuwa 15, a ɗauraye sau da yawa, a shanya har warin ya fita gaba ɗaya. Amfanin bilic shi ne kashe ƙwayoyin cutar da ƙumar ta bari. Kada a taɓa haɗa shi da wani maganin wanki, domin haɗin na iya fitar da iska mai guba. Magungunan wanke bayi masu sinadarin finol, irin Izal, suna cutar da dabbobi masu jan ciki, don haka a nesanta su da keji.

Na huɗu, a mayar da macijin cikin keji marar kaya: farar takarda a ƙasa, kwanon ruwa, da maɓoya ta roba mai santsi da za a iya wankewa. Farar takarda na tona asirin duk ƙwaron da ya rage. A riƙa canza ta kullum ko bayan kwana biyu, a sake wanke kejin aƙalla sau ɗaya a mako. Idan likita ya ba da maganin fesa keji, kamar mai sinadarin famitirin, a fitar da maciji da kwanon ruwa tukuna, a bari ya bushe ƙarau kafin a mayar da su. A kuma sani cewa famitirin na kashe kyanwa da kifi.

Na biyar, kuma wanda aka fi faɗuwa a kansa, haƙuri. Bayan mako guda komai zai yi kamar ya wuce. Amma tunda babba na iya kai kwana 40, aikin ba ya tsayawa sai an yi aƙalla mako 6 ba a ga ko ɗaya ba. A share ɗakin da kejin yake, a goge teburin da aka ɗora shi, a wanke labulen da ke kusa. Idan akwai wasu macizai ko ƙadangaru a ɗakin, duka ake yi wa magani lokaci guda.

Bayan kowane aiki a wanke hannu da sabulu. Dabbobi masu jan ciki kan ɗauki bakteriyar Salmonella ba tare da sun nuna ciwo ba, ita kuwa tana sa mutum gudawa da zazzaɓi. Kada a wanke kwanon maciji a inda ake wanke-wanken gida, kuma a nesanta ƙananan yara.

Fiya-fiya ba ta cikin lissafi

A gidajenmu, da zarar an ga ƙwaro, abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne fiya-fiya. Sinadarin da aka fi haɗa ta da shi daikulobos ne, wanda za ka ga an rubuta DDVP a jikin kwalba. An yi shi ne don gona da rumbu. Yana aiki ta hanyar rikita jijiyoyi, kuma bai san bambancin jijiyar ƙwaro da ta maciji, tattabara ko ƙaninka ba. A rufaffen keji tururinsa kaɗai ya isa ya kashe dabbar da ake son ceta. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan sinadari a kasuwanni da manyan kantuna saboda yawan asarar rayuka.

Idan wani ya shaƙa ko ya sha, aka ga yawu na dalala, zufa, amai ko numfashi na sarƙewa, a fitar da shi iska, a cire masa tufafin da suka jiƙe, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Ɗura manja ko madara ɓata lokaci ne, kuma yana iya sa mutum ya shaƙe.

Daga kejin maciji zuwa ɗakin tattabaru

Yanzu mu dawo gida. A unguwannin da ke maƙwabtaka da masana'antu, irin Sharada, Challawa da Bompai, samari kan haɗa ɗakin tattabaru da akurki da abin da ya samu: ragowar katakon ɗora kaya, kwalaye, tsofaffin buhuna da langa-langa. Dabara ce mai kyau ga aljihun ɗalibi. Matsalar ita ce kwali mai ramuka a tsakiya da katako mai tsaga su ne ainihin masaukin da jar ƙumar kaji ke so.

Sunanta Dermanyssus gallinae. Da rana ba za ka gan ta a jikin tsuntsu ba. Tana ɓuya a tsaga, sai dare ya yi ta fito ta sha jini ta koma. Zagayen rayuwarta na iya kammala cikin mako guda, kuma tana iya yin watanni, har kusan 8, a ɗakin da babu tsuntsu ko ɗaya. Shi ya sa za ka ɗaga fiffiken tattabara da rana ka ga ba komai, amma uwa na gudun kwanci da dare, ƙwai na lalacewa, 'yan shila na mutuwa fari fat ba jini. Kaza kuma torarta ta koɗe, ƙwai ya ragu.

Matakan su ne dai waɗanda muka gani. A fitar da tsuntsaye, a ƙone tsohuwar ciyawar sheƙa da kwalaye, a kwarara tafasasshen ruwa a tukwanen kwanci da sandunan da suke hawa, a toshe tsagogi, a shafe bango da farar ƙasa. A ajiye musu baho mai yashi da toka don wankan ƙasa. A maimaita duk mako har sau da yawa, tunda ƙwan da ya tsira zai ƙyanƙyashe.

Batun magani a nan ya fi tsanani, domin kaza da tattabara cin su ake yi. A 2017 an janye miliyoyin ƙwai daga kantunan Turai bayan an gano cewa an yi amfani da fifronil wajen feshin wannan ƙuma a gonakin kaji na Holan da Beljiyam, sinadarin ya shiga cikin ƙwan. Maganin da likita zai iya shafa wa maciji bai halatta a kan tsuntsun da ake ci ba. Duk maganin da aka ba ka, tambayi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwai ko nama.

Yanayin Kano na iya zama abokin aiki

Ƙumar maciji na son ɗumi da danshi. Idan danshin iska ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 sai ta bushe ta mutu, kuma a tsakiyar hunturu iskar Kano kan bushe har ta kai haka. Lokacin hatsari shi ne damina, daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da katako ke jiƙa, ɗaki ke turara. A wannan lokacin ya kamata a ninka dubawa, a keji ko a akurki.

Ranar bazara ma kayan aiki ce ta kyauta. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40 a inuwa. Idan aka ƙulle kwano, maɓoya ko tukunyar kwanci a baƙar leda aka ajiye a rana tun daga hantsi har la'asar, zafin ciki na iya haura abin da ƙwaron zai jura. Kayan kawai ake yi wa haka. Maciji ba ya iya daidaita zafin jikinsa da kansa, don haka barin sa a akwatin gilashi cikin rana kisa ne cikin ɗan lokaci.

Ta ina take shigowa?

Ƙuma ba ta tsirowa daga ƙazanta kamar yadda wasu ke zato. Kawo ta ake yi: a jikin sabuwar dabba, a tsohon keji da aka saya ko aka ara, a shimfiɗa, ko a hannun rigar wanda ya taɓa dabbar wani. Saboda haka gidajen zoo da masu kiwo na gaskiya ke killace sabon maciji a wani ɗaki daban, a kan farar takarda, na wata 2 zuwa 3 kafin ya kusanci sauran. Mai tattabaru ma ya ware sabuwar da ya sayo a kasuwa na wasu makonni, ya kuma wanke kejin da ya kawo ta ciki. Rigakafi ya fi magani, kuma ya fi shi araha.

Ga aikin gida na wannan mako. Idan kuna da kaji ko tattabaru, ka ɗauki tocila bayan isha'i, ka haska tsagogin akurki, ka shafa farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar da suke kwana. Idan ka ga jan tabo, ka san abin yi. Idan kuma makarantarku ta kai ku Gidan Zoo, ki dubi kwanon ruwan mesa da shimfiɗarta, ki tambayi mai kula da ita sau nawa ake wanke ɗakin da kuma yadda ake karɓar sabon maciji. Wanda ya ji irin wannan aiki ya kwanta masa a rai, akwai tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Bayero a nan Kano. Abin da za su nema a takardarka shi ne kiredit a Bayoloji, Kemistiri, Fizis, Lissafi da Turanci.